Wat Ɗari Saboda Hajiya

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin rediyo, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata a ƙarshen damina, shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha ganin yadda nake hawa sama idan na ga hannun wani a kan maɓallin da na saita, har na ji wasunku na cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, Malam Isuhu ne ya mayar da ni haka.

A lokacin ina babban ma'aikacin fasaha a wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan asibitocin karkara a Batsari da Safana. Asalin aikina kula da firjin magani da faifan sola, amma tun ina saurayi nake da lasisin rediyon sha'awa, wato na mutanen da ke kafa rediyon magana a gida su yi hira da na nesa don jin daɗinsu kawai. Abokaina sun daɗe suna yi min dariya, wai ina ƙona kuɗina don in gaisa da mutumin da ban san kamanninsa ba. Da waya ta ɗauke sai abin dariyar ya zama abin nema. Ƙungiya ta samo rediyoyin oba-oba na tebur irin waɗanda muke amfani da su, aka nemi izini, aka ba mu zangon da za mu yi magana a kai. Na kafa ɗaya a ofishinmu na Batsari, ɗaya a Safana, ɗaya wajen Wagini, ɗaya kuma a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye can cikin gundumar Ruma, dab da daji.

Ga wanda bai san irin wannan rediyo ba, maɓallai biyu ne abin kula, duka na murɗawa. Na farko shi ke iyakance ƙarfin da rediyon zai fitar zuwa eriya, daga wat biyar har ɗari. Na biyu shi ke cewa ga yadda makirufo zai ɗauki muryar mai magana. Akwai kuma mita mai ɗan tsinke da ke motsi idan ana magana, da jan layi a gefenta. Muddin tsinken bai haye jan layin ba, murya za ta fita tas. Da zarar ya haye, ba ƙara ji ake yi ba, murya ce ke dagulewa ta koma kamar ana niƙa tsakuwa a injin markaɗe. Tsakanin tashoshinmu ba wata tafiya ba ce, wat ashirin ya isa har ya yi yawa. Shi kuwa wat ɗari zuƙe batir yake yi, kuma batirin da ke ƙauye ɗaya ne tak, rana ce ke cika shi. Idan batir ya yi sanyi aka matsa masa, rediyon kan mutu a tsakiyar magana. Saboda haka a kowace tasha na saita maɓallan biyu da hannuna, na ɗiga jan farce a inda na tsayar da su, na ce kada a taɓa.

Malam Isuhu shi ne jami'in lafiyar da ke riƙe da asibitin can na Ruma. Ya girme ni sosai, kuma ban taɓa ganin mutum mai ladabi irinsa ba. Lokacin da wasu suka bar ƙauyukan nan saboda 'yan bindiga, shi ya zauna. Ina faɗin haka ne don kada ku ɗauka mutumin banza ne. Mutumin kirki ne, kuma shi ya sa haushin nasa ya fi ciwo, don ba ka da inda za ka sauke shi.

Shugabar shirinmu kuwa Hajiya Binta ce, tsohuwar malamar makarantar koyon aikin lafiya, wadda ta koyar da rabin jami'an da muke aiki da su, har da Malam Isuhu. A ƙa'idar aiki, duk wani magani mai tsada da ke firjin Batsari ba ya fita sai da izininta, kuma ita ke cewa babur ɗin ofis ya tafi ko kada ya tafi.

Ba a yi sati biyu ba Hajiya ta kira ni ofishinta ta ce rediyon Ruma ya lalace, duk sanda ta kira ba ta jin komai sai gurnani. Na zauna na kira da kaina. Malam Isuhu ya amsa, muryarsa garau kamar yana bayan ƙofa, har ya tambaye ni iyali. Na ce wa Hajiya lafiyarsa lau. Washegari ta sake kirana, wannan karon da ɗan ɗaure fuska, ta ce in dai wannan shi ne lafiya lau to ita kunnenta ne ya lalace. Mutumin Safana ma ya yi ƙorafi, wai wani lokaci Ruma kan cika zangon da ƙara har ba ya iya jin Wagini.

Na hau babur na tafi. Kun san hanyar nan a wancan lokacin: da hantsi ake bi, a juyo kafin la'asar, kuma uwargidana ba ta iya cin abinci sai ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Na duba eriya, na duba waya, na auna batir, na kwance makirufo na mayar. Maɓallai suna kan jan farce daidai. Malam Isuhu ya kawo min fura, ya yi min sannu da ƙoƙari, na dawo. Bayan kwana kaɗan ƙorafi ya dawo, na sake komawa, har na sauya masa makirufon da nawa. Na fara zargin kaina, na fara zargin rediyon, wata rana ma na zauna ina tunanin ko wani dutse ne a hanya ke mayar da muryar, abin da ni kaina na san shirme ne.

A zuwa na uku ne Allah ya tona asirin. Ina tsugune ina goge bakin batir sai muryar Hajiya ta fito daga rediyon tana kiran Ruma. Malam Isuhu ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya tuɓe takalmi, sannan ya sa hannu ya murɗa maɓallan nan biyu har ƙurewa. Ya ɗauki makirufo ya manna a baki, ya buɗe murya iya ƙarfinsa ya fara gaisuwa. Ya gaishe ta da kwana, da gajiya, da ruwa, da Alhaji, da yara, da jikoki, duk bai saki makunnin magana ba. Tsinken mita ya haye jan layi ya manne a can kamar an kafa masa ƙusa, fitilar rediyon tana lumshewa. Da suka gama, ko in ce da Hajiya ta gaji ta ajiye, ya mayar da maɓallan kan jan farce a hankali, ya sa takalminsa, ya zauna.

Na miƙe daga gaban batirin. Na tambaye shi me ya yi ke nan.

"Ai Hajiya ce, injiniya," in ji shi.

Na ce na san Hajiya ce, maɓallan nake tambaya.

"To mi za a yi? Kai da kanka ka ce wanga shi ne ƙarfin rediyo. Kai yaro ne gare ni, in na yi maka magana da ɗan kaɗan ba laifi. Amma Hajiya da ta koya min aiki, in ba ta ragowa? Duk abin da ke akwai ita za a ba."

Ashe tsari ne da shi cikakke. Idan ni ne ko ɗan aiken ofis, maɓalli na kan jan farce. Idan takwaransa na Wagini ne, wanda suke sa'anni, sai ya kai shi rabi. Likitan da ke leƙowa Safana kan samu kashi uku cikin huɗu. Hajiya ita ke da ƙurewa. Wato a tashar Malam Isuhu, gwargwadon girmanka gwargwadon yadda ba za ka ji abin da yake faɗa ba. Ni da na ci hanyar nan har sau uku, raina a hannuna, ashe ƙanƙantar shekaruna ce ta hana ni jin cutar.

Na yi masa bayani yadda na iya. Na nuna masa tsinken, na sa ya yi magana ya ga inda yake hayewa. Na ce masa rediyo bai san babba ba, bai san yaro ba. Na kawo masa misalin lasifikar masallaci idan an ƙure ta, yadda liman ke karatu ba a gane ayar. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai, yana cewa gaskiya ne, Allah shi ƙara sani. Na dawo Batsari ina murna. Da Hajiya ta kira shi washegari, injin markaɗen nan ya tashi kamar ban taɓa zuwa ba.

Na naɗe maɓallan da salatif, ya ɓare ya mayar da shi tsaf bayan ya gama. Na cire kawunan maɓallan gaba ɗaya na sa a aljihu, ya bar 'yan sandunan ƙarfe kawai, sai ya koma murɗa su da almakashin kama auduga. Na kai ƙara wurin Hajiya, ina tsammanin za ta tsawata masa. Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce Isuhu ke nan tun yana ɗalibi, ladabi ne ya yi masa yawa, in yi haƙuri za ta yi masa magana idan sun haɗu. Ni dai na lura abin bai ɓata mata rai ba ko kaɗan. Na fito ofishin ina huci, na ce a raina to shi ke nan, ku ƙarata, malama da ɗalibinta.

Ranar Talatar da nake ba ku labari, kwana da kwanaki ke nan hadari ya rufe sama, rana ba ta fito ta kirki ba, na san batirin Ruma ya yi ƙasa. Ana ta yankan gero a gonaki. Bayan azahar kaɗan ina ɗakin rediyo sai ƙara ta fashe a zangonmu, irin wadda na riga na haddace. Ban gane kalma ko ɗaya ba, amma na gane mai ita, kuma na gane Hajiya yake nema, tunda ya ƙure komai. Ba lokacin rahoto ba ne, Malam Isuhu kuma ba ya kira haka kawai. Ana cikin gurnanin sai ɗif, rediyonsa ya mutu. Can ya sake tashi, ya sake farawa, ya sake mutuwa.

Shi yana jin mu sarai, don namu rediyon yana kan saiti. Na ɗauki makirufo na ce ni ne Lawal, ya mayar da maɓallan kan jan farce ya faɗa min abin da ke faruwa, zan isar wa Hajiya. Amma Hajiya ta riga ta shigo a guje ta ce, "Isuhu, lafiya?" kuma ya ji muryarta. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ya dawo da ƙarfinsa duka, kuma daga yadda sautin ke hawa yana sauka na gane cewa daga gaisuwa yake sake farawa kowane karo. Mutumin Safana ya shigo zangon ya ce shi ma ba ya gane komai, sai dai kamar akwai kukan mata a bayansa.

Abin da ke gabanmu ke nan. Babur ɗaya gare mu mai takardar izinin bin hanya, tafiya ɗaya kuma za a iya yi kafin la'asar ta rufe ta. Akwai wanda ke kwance a can yana bukatar wani abu daga firjinmu, ba mu san ko mene ne ba. Haihuwa ce ta zo da gardama? Harbi ne? Yaro ne ke suma? Ba za a ɗora firji a babur ba, kuma idan aka tafi da abin da ba shi ba, sai gobe. Duk kiran da Malam Isuhu ya yi kuma yana cin ɗan abin da ya rage a batirin. Na san saura ƙiris rediyon ya mutu mutuwar da ba zai tashi ba sai rana ta fito.

Na yi wa Malam Isuhu tsawa ta rediyo, abin da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba. Na roƙe shi don Allah don Annabi. Ko gezau. Zufa ta jiƙe min riga, haushi ya turnuƙe ni. Na juya na ce wa Hajiya ga ladabin nan da ta yi wa dariya, yau zai kashe mutum.

Ta matso kusa da rediyon. Ta miƙo hannu na ba ta makirufon, ta jira har gurnanin ya yanke, sannan ta yi magana a hankali, da irin muryar da na tabbata ɗalibanta sun sani.

"Isuhu. Tun yaushe ka fara ɗaga min murya?"

Zangon ya yi tsit.

"Ina tambayarka. In kana gabana haka kake yi min ihu? Ka durƙusa ka yi min magana yadda aka koya maka. Na amsa gaisuwarka. Faɗi abin da ya kawo ka."

Har na ɗauka batirin ya tafi. Sai ga wata 'yar murya ta fito, ƙasa-ƙasa, irin ta mai laifi a gaban uwarsa, amma kowace kalma tas.

"Ranki shi daɗe, ki gafarce ni. Maciji ne. Kububuwa ta sari wani manomi, Audu, a gona tun hantsi, sai yanzu aka kawo shi. Ƙafa ta kumbura har gwiwa, jini na fita a dasashinsa."

Bai taɓa maɓallan ba, suna nan a ƙure. Amma irin wannan rediyo, ƙarfin da yake ja daga batir bin murya yake yi: ka yi ihu ya zuƙa, ka sassauta ya sassauta. Da ya janye baki daga makirufo ya yi ƙasa da murya, tsinken ya koma bayan jan layi, batirin ya samu ya numfasa. Hajiya ta yi masa tambayoyi biyu ko uku, ta ce kada a ɗaure ƙafar kada a tsaga, ga magani nan tafe. Yana cikin cewa "To, ranki shi daɗe" rediyon ya mutu, bai ƙara tashi ba ranar. Kafin nan an riga an sa maganin dafin maciji a akwatin ƙanƙara, ɗan aike ya tayar da babur.

Washegari da rana ta fito muka ji labari. An yi wa Audu allurar kafin magariba, jinin ya tsaya. Ya daɗe yana jinya, ƙafar ba ta koma daidai ba, amma ya tashi.

Kuna tsammanin na huta ke nan? Ina fa. Malam Isuhu ya ɗauki darasin da hannu biyu. Tunda ya gane cewa ƙanƙan da kai shi ne ladabi a rediyo, sai ya juya tsarinsa kaf. Yanzu idan Hajiya ta kira, sai ya murɗa maɓallan biyu ƙasa har ƙurewa, ya yi raɗa. Ba ma jin komai sai shuuu. Na kama kaina da hannu biyu a ɗakin rediyo, na ce wa Hajiya ni na gaji, ta nemi wani injiniyan.

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Da aka samu rakiya ta shirya muka tafi tare. Ta shiga ɗan ɗakin, Malam Isuhu na tsugune a gefe. Na mayar da kawunan maɓallan da ke aljihuna, na nuna mata jan farcen, ta sa yatsunta ta murɗa kowanne zuwa wurin. Ta dube shi ta ce, "Nan na ajiye su." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Maganar da na yi wata da watanni ina yi da mita da misalai, ta gama ta da kalma huɗu.

Daga ranar ba a sake jin Ruma ta dagule ba. Har ɗan ƙyalle ya samo ya riƙa rufe maɓallan da shi.

Bayan an dawo da layukan waya ƙungiya ta ce a bar rediyoyin saboda ko-ta-kwana. Iska ta karya sandar eriyar Ruma, na je na kafa wata, kuma aiki ya nuna sai na rage ƙarfin kaɗan kafin in gwada ta. Na ɗaga ƙyallen ke nan sai na ji an riƙe min hannu, a hankali, cikin ladabi.

"Yi haƙuri, injiniya. Nan Hajiya ta aje su."

Na ce masa ni na nuna mata wurin. Ni na ɗiga jan farcen. Ni na kafa rediyon tun farko. Ya ce duk gaskiya ne, Allah shi saka da alheri, amma sai Hajiya ta ce. Na buɗe baki zan zazzage masa abin da na daɗe ina tarawa, sai wani mutum ya leƙo ta taga da fartanya a kafaɗa, ya yi mana sannu da aiki, ya tambayi Malam ko Hajiya na lafiya. Da ya juya na ga yana ɗan jan ƙafar dama. Malam Isuhu ya ce min Audu ke nan.

Na bi shi da kallo har ya shiga gona. Sannan na mayar da ƙyallen yadda na same shi, na ciro waya na kira Hajiya, na nemi izinin taɓa maɓallin da ni na saita.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Saita rediyo aikin minti kaɗan ne: wat daidai tafiyar, murya bayan jan layi. Amma duk na'urar da za ku kafa, wani ne zai zauna gabanta bayan kun tafi, da tarbiyyarsa da wanda yake jin kunya. Kafin ku ɗiga jan farce, ku tambaya maganar wa yake ji a duniya, ku tafi da shi. Har yau idan na tuna Malam Isuhu sai haushi ya taso min, ba zan ɓoye muku ba. Amma Audu yana noma.